Ilmi Domin Gida: Ɗan Sukarin da Ya Raba Jini Gida Huɗu

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibiti aka ce sai an yi masa ƙarin jini, ya san abin da ke biyo baya. 'Yan'uwa su taru, ma'aikacin ɗakin awo ya ɗebi jinin kowa kaɗan kaɗan, jim kaɗan ya komo ya ce na wane ya yi, na wane bai yi ba. Sau da yawa ƙanen mara lafiyar, uwa ɗaya uba ɗaya, shi za a ce nasa bai yi ba, sai ga wani maƙwabci, ba dangin iya ba na baba, nasa ya yi daidai. Jini kuwa duk ja ne. To, ina bambancin ya fito?

Amsar ita ce sukari. Wani ɗan mitsitsin sukari ne da ke manne a jikin jajayen ƙwayoyin jini ya raba 'yan Adam gida huɗu, watau A da B da AB da O. Tun da wuri sai mu kawar da wata rikitarwa: wannan ba shi da wani haɗi da ciwon sukari, ba kuma shi ne sukarin shayi ba. Masana sun san irin sukari iri iri, wasu ma ba su da zaƙi ko kaɗan. Ko ka sha rake gona guda, ko ka bar zaƙi har abada, rukunin jininka ba zai sake ba, gado ne.

Yadda aka gano shi

A shekarar 1818 wani likita a Landan mai suna James Blundell ya fara gwada ƙara wa mutum jinin mutum, daga baya ya yi ta gwadawa ga matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa. Wasu suka rayu, wasu suka mutu, ba wanda ya san dalili. Haka aka zauna cikin duhu fiye da shekara 80.

A 1901 Karl Landsteiner, wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya ware ƙwayoyin dabam, ruwan jinin dabam, ya riƙa gauraya ƙwayoyin wannan da ruwan wancan. Wani lokaci su zauna lafiya, wani lokaci ƙwayoyin su cure su yi gudaji gudaji. Ta haka ya gane rukuni uku. A 1902 wasu abokan aikinsa biyu suka gano na huɗun, watau AB. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1930.

Amma Landsteiner bai san ainihin abin da ke jikin ƙwayar ba. Sai a 1952 Walter Morgan da Winifred Watkins, su ma a Landan, suka sami bakin zaren. Akwai wani kifi mai kama da maciji wanda ruwan jininsa ke cure ƙwayoyin masu O. Suka riƙa zuba masa sukari iri iri ɗaya bayan ɗaya kafin su gauraya, duk ba abin da ya sake, sai da suka zuba wani mai suna fukos. Nan take curewa ta tsaya. Ashe abin da ruwan jinin kifin ke kamawa a jikin ƙwayar ke nan, da ya sami wanda aka zuba masa sai ya shagala da shi. Daga nan su da Elvin Kabat na Amurka suka bi diddigi har suka gane sauran.

Dutsen ƙarshe

Ku ɗauki zaren duwatsun wuya irin na mata. A jikin kowace ƙwayar jini akwai irin waɗannan zarurruka barkatai, dubu ɗaruruwa, kowane dutse kuwa sukari ne guda. Kusan dukanmu zarenmu iri ɗaya ne har zuwa dutsen fukos, wannan tushen shi masana ke kira H. Mai rukunin O nan zarensa ya tsaya. Mai B an ƙara masa dutse guda, sukarin da ake kira galaktos, wanda ke cikin nono ma. Mai A shi ma dutse guda aka ƙara masa, ɗan'uwan galaktos ne da ke da wani ɗan ƙarin reshe a gefe. Mai AB yana da zarurruka iri biyun. Iyakar bambancin ke nan. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wa ke ɗaura wannan dutsen ƙarshe? Wani sinadari ne mai aiki a cikin jiki, mu kira shi maɗinki. Umarnin yin maɗinkin shi muke gāda, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 1990 Fumiichiro Yamamoto, wani masani ɗan Japan da ke aiki a Amurka, ya karanta wannan umarni. Ya ga na A da na B kusan ɗaya suke, wuri huɗu kawai maɗinkan biyu suka bambanta. A yawancin masu O kuwa harafi guda ne ya faɗi daga cikin umarnin, saboda haka maɗinkin da ya fito bai iya aiki ba, zaren ya zauna yadda yake.

Akwai kuma wasu 'yan ƙalilan da ko fukos ɗin ba su da shi. Dokta Bhende ya gano su a birnin Bombay na Indiya a 1952, inda ake samun wajen mutum 1 cikin 10,000. In aka yi musu awo na yau da kullum sai a ga kamar O ne, alhali ko jinin O ba sa iya karɓa, sai na irinsu.

Masu gadi

Me ya sa jinin da bai dace ba yake kisa? A cikin ruwan jini akwai wasu sinadarai masu gadi. Kamar yadda a dā mai tsaron ƙofar gari kan dubi tsagar fuska ya san ɗan gari da baƙo, haka su ma suke duban dutsen ƙarshen nan. Mai A yana da masu gadin da ke far wa B. Mai B yana da masu far wa A. Mai O yana da duka biyun, mai AB ba shi da ko ɗaya. In aka yi kuskure aka sa wa mai O jinin A, masu gadi za su cure ƙwayoyin su farfasa su. Sai zazzaɓi da makyarkyata da ciwon baya, fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta tsaya, wani lokaci har a rasa rai. Saboda haka mai O yana iya ba kowa jajayen ƙwayoyinsa in sauran awo ya yi daidai, shi kuwa ba ya karɓa sai daga mai O.

Abin mamaki, mutum bai taɓa karɓar jinin kowa ba, amma masu gadinsa sun riga sun san abokin gāba. Ina suka koya? A hanji suka koya. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a cikinmu suna sanye da sukari mai kama da A ko B, jikin jariri yakan gamu da su cikin watanninsa na fari, ya shirya wa duk wanda ba irin nasa ba. A 1959 Georg Springer ya nuna haka da 'yan tsaki. Waɗanda aka rena a wuri mai tsabta ƙwarai ba su yi masu far wa B ba, sai da aka ciyar da su wata ƙwayar hanji mai irin wannan sukari. Wannan sani ya yi rana a 1996, sa'ad da Dokta Lori West ta birnin Toronto a Kanada ta fara dasa wa jarirai zuciyar da rukuninta ya saɓa da nasu. Da yake masu gadinsu ba su riga sun tashi ba, jikinsu ya karɓa.

Ruwan cuta da wannan sukari

Ba a jini kaɗai waɗannan zarurruka suke ba. Suna bangon hanji da tumbi da hanyoyin jini, mutum 80 cikin 100 kuma har a yawunsu akwai su. Ƙwayar cuta kuwa kafin ta yi ɓarna sai ta sami abin kamawa, sau da yawa waɗannan duwatsu ne marikinta.

Mu fara da wanda muka fi sani, zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar takan shiga cikin jar ƙwayar jini, ta fito da wani abu mai danƙo a bayanta, lafiyayyun ƙwayoyi su manne mata kewaye su zama dunƙule. Irin waɗannan dunƙulen ke toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, yaro ya yi ta jijjiga ya suma. Danƙon nan ya fi kama dutsen A da na B. A jinin O dunƙulen ƙanana ne, suna kuma saurin wargajewa. A 2007 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi kan yara 567 a ƙasar Mali, aka ga haɗarin zazzaɓi mai tsanani ya ragu da kashi 66 cikin 100 ga yara masu O. Masana da yawa suna ganin wannan na cikin dalilan da suka sa O ya yi yawa a ƙasashenmu, domin kusan rabin mutanen Nijeriya O ne. Amma ku lura, sauro ba ya tambayar rukuni kafin ya ciji mutum, masu O suna kamuwa kamar kowa, wasunsu kuma suna mutuwa.

In muka koma ga kwalara, sai reshe ya juye da mujiya. Mai O in ya kamu, amai da gudawarsa sun fi tsanani. A annobar da ta faɗa wa ƙasar Feru ta Kudancin Amurka a 1991, an ga masu O da suka kamu sun ninka sauran kusan sau 8 wajen bukatar kwanciya asibiti. A bakin kogin Ganges, can Bangaladash da gabashin Indiya inda kwalara ta yi gida tun dā, masu O ba su da yawa kamar sauran wurare.

Haka kuma gyambon ciki. Tun a 1953 da 1954 wani likitan fiɗa a Landan, Ian Aird, ya lura masu A sun ɗan fi kamuwa da ciwon dajin tumbi, masu O kuwa sun fi yin gyambo. A lokacin ba a ma san ƙwayar cuta ke kawo yawancin gyambon ciki ba. Bayan an gano ta, watau helikobakta, sai a 1993 aka nuna tana manne wa bangon tumbi ta wurin kama zarurrukan nan masu fukos. Akwai kuma wata cutar amai da gudawa mai saurin yaɗuwa, norobairos, wadda yawancin irinta ba sa samun marika a hanjin mutanen nan 20 cikin 100 da ba sa fid da wannan sukari a yawu.

Na ƙarshe shi ne daskarewar jini. Akwai wani sinadari mai taimakon jini ya daskare in an ji rauni, shi ma yana ɗauke da waɗannan duwatsu. A jikin masu O yakan ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka masu A da B da AB sun ɗan fi yin gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu, masu O kuma jininsu ya ɗan fi saurin zuba.

Kun gani ke nan, kowane allazi da nasa amanu. Ba rukunin da ya fi wani. Wanda ya sami sauƙi ga sauro ya sami tsanani ga kwalara. Duk wannan kuma awo ne na jama'a mai yawa, ba hukunci ne a kan mutum ɗaya ba. Gidan sauro da ruwan sha mai tsabta da zuwa asibiti da wuri sun fi harafin da ke katinka ƙarfi nesa ba kusa ba. A Japan mutane da yawa sun gaskata rukunin jini yana nuna halin mutum, wasu kuma a wasu ƙasashe suna sayar da littattafan abincin da wai ya dace da kowane rukuni. Bincike bai tabbatar da ko ɗaya ba.

Ƙera shi da hannu

Da masana suka san siffar waɗannan zarurruka sai suka so su ƙera su da kansu, domin abin da ake samu daga jikin mutum kaɗan ne, gauraye kuma da wasu abubuwa. Aikin kuwa ba wasa ba ne. Kowane sukari yana da hannuwa har biyar da zai iya riƙe maƙwabcinsa da su, riƙon kuma yana iya fuskantar sama ko ƙasa. Kada ku raina wannan. Garin rogo da auduga duk da sukari iri ɗaya aka gina su, gulukos, yadda aka yi riƙon ne ya bambanta, ga shi ɗaya abinci ne ɗaya tufafi. Saboda haka mai haɗa sinadarai tilas ya ɗaure duk hannuwan sai ɗaya, ya haɗa, ya tabbata riƙon ya fuskanci inda ake so, ya kwance wani hannun, ya sake haɗawa. Zaren duwatsu uku kawai yakan ci matakai masu yawa da watanni na aiki.

Wanda ya yi suna a nan shi ne Raymond Lemieux na Kanada. A 1953 shi ya fara haɗa sukarin shayi a ɗakin bincike, a 1975 kuma shi da abokan aikinsa suka ƙera bakin zaren rukunin B. A 2001 Peter Seeberger da abokansa a Amurka suka fito da na'ura mai jera sukari bi da bi da kanta, aikin watanni ya koma na kwanaki.

Ina amfaninsa? Ga misali. A ce mace mai O ƙodarta ta lalace, mijinta mai A yana so ya ba ta tasa. A dā ba hali. Yanzu akan manna sukarin A da aka ƙera a jikin wasu 'yan ƙananan ƙwallaye cikin wani bututu, a bi da ruwan jinin matar ta ciki. Masu gadin da ke neman A su kama na jabun su maƙale, ruwan jinin ya koma jikinta ba su. In aka maimaita sau da dama, aka haɗa da magunguna, sai a yi dashen. Likitocin birnin Stockholm a Suwidin suka fara wannan hanya a 2001, dabarar kifin nan ce ta 1952 aka juya ta zama magani.

Wasu masanan kuma suka ce, tun da dutse guda ne bambancin, a nemo almakashi a yanke shi, jinin kowa ya zama O. A 1982 Jack Goldstein a birnin New York ya yi amfani da wani sinadari daga ɗanyen 'ya'yan kofi ya mai da B ya koma O, har aka ƙara wa mutane suka zauna lafiya. Amma sinadarin da ake bukata ya yi yawa, A kuma ya ƙi yankuwa. A 2019 Stephen Withers da abokansa a Kanada suka samo wasu almakasai biyu masu kaifi daga wata ƙwayar halitta ta hanjin mutum, wadda dā ma cin irin wannan sukari ne abincinta. A 2022 aka gwada irin wannan dabara a kan huhu a Toronto, da ƙoda a Kambirij ta Ingila, a ɗakin bincike. Har yanzu dai ba a fara ba marasa lafiya irin wannan jini a asibitoci ba, domin masu gadin wasu mutane sukan gane sauran alamun da suka rage.

Abin da ya shafi gida

Na ɗaya, maganar gado. Uba mai A da uwa mai B suna iya haifar ɗa mai A, ko B, ko AB, ko O. Dalili kuwa, mai A yana iya ɗauke da umarnin O a ɓoye, haka ma mai B, in na ɓoyen biyu suka gamu sai a sami O. Shi ya sa 'yan'uwan ciki ɗaya kan bambanta. Kada maigida ya dubi katin asibiti ya fara zargin matarsa. Ko a inda lissafin ya yi kamar bai fita ba, akwai kuskuren awo, akwai kuma irin mutanen Bombay ɗin nan. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Na biyu, jarirai. In uwa O ce, jariri kuma A ko B, wasu masu gadinta kan ƙetara su taɓa jininsa. Yawanci abin da sauƙi, amma in kuka ga idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya a kwana na ɗaya ko na biyu, shawara ke nan, a kai shi asibiti a ranar. Akan kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Jinkiri na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa da ji.

Na uku, alamar tarawa ko ta ɗebewa da ake rubutawa bayan harafin, watau Rh. Ita ba sukari ba ce, wani sinadari ne dabam. Matar da ke da alamar ɗebewa, in ta haifi jariri mai alamar tarawa, akwai allurar da ake yi mata cikin sa'a 72, haka ma bayan ɓari, domin kare cikin da zai biyo baya. Don haka kowace mai ciki ta san nata tun a awon fari.

Na huɗu, kada a gama rukunin jini da awon sikila. AA da AS da SS magana ce ta abin da ke cikin ƙwayar jini, A da B da O kuwa ta abin da ke bayanta. Bambancin A da B da O bai hana aure ba. Masu shirin aure su yi awo biyun, su kuma san wanne ne wanne.

Na biyar, kyautar jini. Ko ranar da almakasan nan suka kammalu, sāke rukuni kawai za su yi, ba za su ƙara ko ɗigo ba. Jinin da za a sa wa mai haihuwa, ko yaron da zazzaɓi ya shanye, ko mai sikila, daga hannun wani mutum zai fito. Babban mutum yana da wajen lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba. Ruwan yakan komo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cikin 'yan makonni. Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa. Kowace shekara ran 14 ga Yuni, ranar haihuwar Landsteiner, duniya ke tunawa da masu ba da jini kyauta.

Aikin gida na wannan wata shi ne, kowane maigida ya sa a auna rukunin jinin iyalinsa duka, a rubuta a takarda a ajiye inda kowa ya sani, ɗalibai kuma su rubuta nasu a bangon littafi.